Mene ne “gyaran hali”, kuma wa ya auna ya ga an gyaru?

Tun da aka sauya wa hukumar gidajen yarin Najeriya suna a 2019, bakin 'yan jarida ya kama “gidan gyaran hali”. Yanzu ko yaro aka kama da satar waya, sai ka ji mai karanta labarai ya ce an tura shi gyaran hali, da wata murya mai laushi kamar asibiti aka kai shi. Tsohon sunan dai bai yaudari kowa ba. Yari sarauta ce, ta mai tsare wa sarki masu laifi, gidansa kuwa kowa ya san abin da ake yi a ciki. Sabon suna alkawari ne, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake faɗinsa kamar an riga an cika.

Rabin rikicin daga kalmar “horo” yake. Da ita muke cewa an horar da malaman jinya, da ita kuma muke cewa alƙali ya yanke horo mai tsanani. To “gidan horon yara” wanne ake nufi, koyarwa ko ukuba? A wannan duhun makarantun mari suka daɗe suna fakewa. Da 'yan sanda suka shiga wata a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, sun fito da mutane ɗaruruwa, wasu da sasari a ƙafa, yawancinsu kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara su.

A wajen masu bincike, gyaran hali abu ne da ake aunawa. A bi yaran bayan sun fita, a ga nawa suka koma laifi, a kwatanta da irinsu da ba su shiga shirin ba. Kada ka ce wannan ƙaƙale ne na 'yan boko. A 1939 aka fara wani shiri na hana yara faɗawa laifi a garuruwan Cambridge da Somerville na Amurka, wanda wani likita, Richard Cabot, ya assasa. An haɗa yara maza bibbiyu masu kama da juna, aka jefa kwabo: ɗaya ya shiga shiri, ɗaya a bar shi yadda yake. Babu bulala, babu mari. Mai ba da shawara ne ke zuwa gida, a taimaka wa yaro da karatu, a kai shi wajen likita, lokacin hutu a tura shi sansanin yara. Shekara kusan biyar ana wannan ɗawainiya.

Bayan shekara talatin wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawunsu, ta fitar da sakamako a 1978. Waɗanda aka taimaka wa sun fi maimaita laifi, sun fi faɗawa shaye-shayen giya, sun fi mutuwa da wuri. Abin ya fi muni ga waɗanda aka tura sansani fiye da sau ɗaya, shi ya sa ake zargin tara yara masu rawar kai wuri guda ne ya sa suka koya wa juna. Wani abin mamakin, da aka tambaye su, akasarinsu cewa suka yi shirin ya amfane su. Ka tuna da wannan duk ranar da aka sa wani matashi gaban kyamara yana cewa “wallahi na shiryu”.

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci. Akwai gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Ilori da Abeokuta. Ni dai na gaji da jin adadin kekunan ɗinki da aka raba ranar yaye su. Kamata ya yi ɗan jarida ya tambayi jami'in gidan horon: cikin waɗanda kuka sallama shekara biyu da suka wuce, nawa suka dawo?