Ciwon zuciyar masu jego

Ciwon zuciyar masu jego wani ciwo ne da ke kama naman zuciyar mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan ta sauka, zuciyar sai ta saki ta buɗe ta kasa tura jini yadda ya kamata, alhali kafin cikin matar lafiyarta ƙalau ba a san ta da wani ciwon zuciya ba. A katin asibiti PPCM likitoci suke rubutawa. A mafi yawan ƙasashe ba kasafai ake ganinsa ba, amma a arewa maso yammacin Najeriya yana da yawa sosai, kuma Zariya ta yi suna a tarihinsa saboda binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello tun wajen 1969, har akwai likitocin da suka riƙa ce masa ciwon Zariya a rubuce-rubucensu.

Ma'anarsa a wajen likitoci

A 1971 wani likita a Amurka mai suna Demakis da abokan aikinsa suka sa masa iyaka, suka ce gazawar zuciya ce da ta taso daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa ba tare da wani dalili da aka gano ba. A 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sassauta maganar watannin, ta kuma riƙe sharaɗin hoton zuciya da ake kira eko wanda aka ƙara tun kafin nan. Lafiyayyar zuciya a kowane bugu tana fitar da sama da rabin jinin da ke ɗakinta na hagu, to idan eko ya nuna abin da take fitarwa ya yi ƙasa da kashi 45 cikin 100 kuma ba a ga wani ciwon daban ba, shi ke nan an tabbatar.

Alamomi

Haki shi ne kan gaba. Da farko sai ta yi aiki ko ta ɗan yi tafiya, daga baya ko tana zaune numfashi sama-sama take yi, ba ta iya kwanciya a miƙe sai an tara mata matasai ko ta kwana a jingine, cikin dare ta farka firgigit kamar an shaƙe ta. Akwai tari wanda ya fi tsanani da daddare, wani lokacin da kumfa-kumfa, da kumburin ƙafa da ke hawa har cinya da ciki da fuska, da bugun zuciya da sauri, da kasala mai yawa, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama saboda hanta ta kumbura. Jini kan daskare a cikin zuciyar da ta saki, idan gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa sai a ga mai jego ta samu shanyewar ɓarin jiki.

Matsalar dai ita ce da yawa daga cikin waɗannan ana ganinsu a jikin mai tsohon ciki ko mai jego ko da lafiyarta lau, shi ya sa a gida ake cewa ai nauyin ciki ne, ko ɗanyen jiki ne, ko sanyi ne ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi, wasu kuma su ce asma ce ko limoniya a je kemis a karɓo magani, kafin a kai ta asibiti an ci makonni.

Tarihi

Tun a ƙarni na 19 likitocin Turai suka lura da matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ana yawan danganta bayanin farko da wajen 1849. Sai a 1937 aka samu rahotanni daga Amurka da suka ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Daga nan maganar ta yi shiru-shiru, marasa lafiyar da kowane likita ke gani ba su da yawa.

Binciken Zariya

A 1969 Eldryd Parry, wani likita ɗan Birtaniya da ya taɓa aiki a Ibadan da Addis Ababa, ya zo Zariya a matsayin farfesan likitanci a sabuwar tsangayar koyon likitanci ta ABU, ya zauna har 1977. Lokacin asibitin koyarwa yana Tudun Wada, ba a koma Shika ba sai wajen 2005. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka ga wani abin da ya ɗaure musu kai, ɗakin mata cike da masu jego a kumbure suna haki, yawan da ba a taɓa ba da labarin irinsa a ko'ina ba. Suka bi mata 224 da aka kwantar, aka buga cikakken sakamakon a 1978, kuma daga wannan zamanin ne aka samu ƙiyasin da har yau ake maimaitawa, wato kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin Zariya.

Abu uku suka fi jan hankalinsu. Na farko kusan duk matan Hausawa ne da Fulani, alhali Zariya gari ne mai baƙi da yawa, ga Sabon Gari ga Samaru, kuma matan sauran ƙabilu suna zuwa asibitin da wasu cututtukan amma wannan kam da wuya. Na biyu ciwon yana bin yanayi, ya fi yawa a watannin zafi da shigowar damina, ya kai ƙololuwa wajen watan Yuli, da hunturu sai ya ragu. Sannan da yawa daga cikin matan jininsu a sama yake ranar da aka kawo su, amma da an ba su maganin fitar da ruwa da digozin mai ƙara wa zuciya ƙarfin bugu sai kumburin ya sace cikin kwanaki, jinin ya sauka, zuciyar da ta yi girma a hoton ƙirji ta koma daidai, saurin warkewar ya fi abin da aka saba gani a Amurka nesa ba kusa ba.

Wannan ya sa suka juya ga al'adun jego. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa, su ma a Zariya, suka duba zukatan matan da na'urar eko wadda a lokacin sabuwa ce, suka tarar da yawa daga cikinsu zuciyar ba ta mutu murus ba, tana matsawa daidai gwargwado kuma jinin da take turawa ma yana da yawa, sai suka kawo ra'ayin cewa ruwa da gishiri ne suka yi wa jiki yawa har zuciya ta kasa ɗauka. An ci gaba da bin waɗancan matan na farko sama da shekara 20, rahoton da ya fito a 1998 ya nuna mutuwa ta fi yawa a shekarar farko, kuma da yawa cikin waɗanda suka rayu daga baya hawan jini ya kama su. Aikin bibiya irin wannan, a ƙauyukan da ba adireshi ba waya a lokacin, ba ƙaramin abu ba ne.

Wankan jego, gadon ƙasa da kunun kanwa

Tushen al'adar shi ne tsoron sanyi. A fahimtar gargajiya mace in ta haihu jikinta ɗanye ne a buɗe, in ba a gasa ta ba sanyi zai shige ta ya zame mata ciwo har tsufa. Don haka ake tafasa ruwa a babbar tukunya ko garwa, a tsoma ganye, galibi na tsamiya ko dalbejiya ko runhu, ungozoma ko wata tsohuwa a gidan ta riƙa fyaɗa mata a jiki safe da yamma har a yi arba'in, mai haihuwar fari da ta tafi wanka gidan iyayenta kuwa takan zarce, wasu har wata uku ko fiye. A da bayan wankan sai ta hau gadon ƙasa da aka hura wuta ko aka zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ɗakin a rufe, ko da bazara ce. Ga kuma kunun kanwa na gero da yaji da ake dama mata kullum don ruwan nono ya zo kuma ciki ya wanku, a bi da farfesu da gasasshen nama.

Ita kanwa, wadda ake haƙowa a busassun tafkuna irin na yankin Tafkin Chadi, cike take da sinadarin sodiyam, wato dai sinadarin da ke cikin gishirin miya wanda ke riƙe ruwa a jiki. Mai ciki kuwa dama jininta yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, bayan haihuwa jiki yana ƙoƙarin zubar da rarar ta fitsari, sai ga kanwa kullum tana riƙe ruwan, ga zafin wanka da na gado yana buɗe jijiyoyin fata yana sa zuciya ƙarin gudu, ga zafin gari, sau da yawa ga ƙarancin jini. Bayanin likitocin Zariya ke nan, kuma ya zauna daidai da abin da suka gani na ƙabila da na yanayi. Ban da zuciya, likitocin tiyata a Zariya sun ba da rahoton masu jego da ruwan wanka ya ƙone su.

Yau gadon ƙasa ya kusa ɓacewa a cikin gari, wanka da kunu dai suna nan, wasu gidajen sun rage zafin ruwan da yawan kanwar.

Abin da bincike ya nuna daga baya

A Nijar, wani bincike da aka buga a 1992 ya samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan da ke da ciwon, sinadarin da rashinsa aka san yana kawo wani ciwon zuciya a yankin Keshan na ƙasar Sin. A Kano Farfesa Kamilu Karaye ya samu irin wannan sakamakon, sannan ya jagoranci wani babban rajista na ƙasa da ake kira PEACE wanda aka fara a 2017, aka tattara mata 406 daga asibitoci a sassan Najeriya. Abin da ya fito a nan ya ɗan girgiza tsohon bayani, don ba a ga wankan zafi da kunun kanwa sun bambanta masu ciwon da marasa shi ba, abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatu, rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki irin wanda ke kai wa ga jijjiga. Wato talauci da rashin cima sun fi tukunyar wanka laifi a wannan lissafin.

Masana ba su gama daidaitawa ba. Wasu na ganin abin da aka gani a Zariya a shekarun 1970 ciwo biyu ne a haɗe, akwai na yawan ruwa da gishiri mai saurin warkewa, akwai kuma na ainihin raunin naman zuciya, kuma da ma'anar yau ta eko da yawa daga cikin matan Parry ba za su shiga lissafi ba.

A Jamus kuma, a 2007, Denise Hilfiker-Kleiner da ƙungiyarta suka nuna cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, yakan tsage ya ba da wani guntu mai lalata ƙananan jijiyoyin jinin zuciya. Akwai gado ma, wani bincike na 2016 ya samu kusan kashi 15 cikin 100 na matan suna ɗauke da canjin ƙwayar halitta irin na masu ciwon buɗewar zuciya. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari sun haɗa da cikin tagwaye, yawan haihuwa, da shekaru sama da 30, ko da yake a arewa ana ganinsa sosai a yara mata masu haihuwar fari.

Yawansa

A Sakkwato an ba da rahoton 1 cikin haihuwa 102 a 2007, a Kano 1 cikin 96. A Haiti kusan 1 cikin 300, Afirka ta Kudu 1 cikin 1,000, Amurka tsakanin 1 cikin 1,000 zuwa 1 cikin 4,000, Japan kuwa wajen 1 cikin 20,000. Alƙaluman Najeriya na asibiti ne, kuma mata da yawa a arewa a gida suke haihuwa.

Magani

Maganin gazawar zuciya ne aka saba, ana ba da na fitar da ruwa irin su Lasix, da masu rage wa zuciya gudu da nauyi irin su kabedilol ko bisofurolol, da sifironolakton, wani lokacin digozin, in numfashi ya yi tsanani a sa oksijin, in zuciyar ta yi rauni ƙwarai a ƙara da maganin hana jini daskarewa. Dangin enalafuril da lisinofuril ba a ba mai ciki don suna illa ga ƙodar ɗan tayi, sai bayan ta haihu. Ana hana kanwa, a rage gishiri da dunƙulen miya, a dakatar da wankan zafi. Buromokiriftin, ƙwayar da ke tsayar da ruwan nono, an gwada ta a wani ƙaramin bincike na mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010 aka ga alamar amfani, amma ana takatsantsan da ita a inda madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu kuma ruwan sha ba tabbas. An gwada ƙarin seleniyam a Najeriya, alamomin ciwo sun ragu, gwajin dai ƙarami ne.

A wani bincike a Amurka kusan kashi 72 cikin 100 zuciyarsu ta farfaɗo cikin shekara guda. A rajistar PEACE waɗanda suka warke sarai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kusan 1 cikin 5 sun rasu a tsawon bibiyar. Zuwa asibiti a makare da yanke shan magani da zarar kumburi ya sace, ko saboda kuɗi ko don an ga kamar an warke, suna cikin abin da likitoci ke kuka da shi.

Ciki na gaba

Ciwon yana iya dawowa a wani cikin. Wadda eko ya nuna zuciyarta ba ta koma daidai ba ana ba ta shawarar kada ta sake ɗaukar ciki, don haɗarin mutuwa yana da yawa, wadda ta warke kuma haɗarin ya ragu amma bai tafi duka ba, sai ta yi awo a asibitin da ke da likitan zuciya tun farkon cikin. Wajen tazarar haihuwa an fi son ashanar hannu ko robar mahaifa, ƙwayoyin da ke da sinadarin estirojin ba a so saboda suna ƙara daskarewar jini. Likitoci kan nemi a zo da maigida a yi bayanin a gabansa, wani lokacin har da uwar miji.