Sadarwa a shugabanci

Sadarwa a shugabanci ita ce yadda magana ke fita daga bakin shugaba ta isa ga na ƙasa, da yadda labarin na ƙasa ke komowa kunnensa, ko a fada ne ko ofis ko kamfani ko ƙungiyar 'yan kasuwa. Masana harkar gudanarwa sukan kasa ta uku: mai gangarowa wato umarni da sanarwa, mai hawa wato rahoto da koke, sai ta tsakanin sa'o'i. Ta farko kowane shugaba ya iya ta, wadda ta fi yawan toshewa ita ce ta biyu.

Tarihi a ƙasar Hausa

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, kuma abin da ya yi ta nanatawa a ciki shi ne tushen duk wata musiba sarki ya shige labule talakawa su daina ganinsa. Kenan ba yau aka fara kukan ba.

A Zazzau tsarin yana da matakai. Sarki yana zaman fada, ga fadawa da 'yan majalisa, ga Sanƙira da sauran maroƙa masu ɗaga murya su maimaita magana jama'a su ji, ga tambari da kakaki waɗanda su ma sanarwa ce, don mutumin birni da ya ji ya san Sarki ya fito. In abu ya shafi gari sai mai shela ya zaga unguwanni da kasuwa. Amma ginshiƙin abin a ƙarni na 19 jakada ne. Masu sarauta da yawa a cikin birnin Zariya suke zaune alhali garuruwan da suke riƙe suna can nesa a warwatse, to jakada shi ke kai umarni ya karɓo haraji ya dawo da labari, kuma tunda ubangidansa da kunnen jakada yake ji, abin da jakada ya ga dama ya faɗa shi ne gaskiya, dagacin da bai kyautata masa ba kuwa sai dai ya ji an ɓata shi a birni bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani masani mai suna M.G. Smith ya yi bayanin wannan a nazarinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960. Ita ma masarautar ta hannun Wazirin Sakkwato take mu'amala da Sarkin Musulmi, da wasiƙu na Larabci.

Da Turawa suka zo sai suka yanka gundumomi suka tura hakimai su zauna cikin ƙasarsu, wajen 1907 zuwa 'yan shekarun da suka biyo, don a rage dogaro da jakadu. Layin ya koma Sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, kuma takarda ta fara cin gurbin baki. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na edita, wasiƙun masu karatu suka zama wata ƙofar da talaka ke aika magana sama. Makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ta horar da malaman ofis da ma'aikatan En'e masu yawa kan aikin takarda.

A ilimin gudanarwa

Henri Fayol na Faransa a 1916 ya ce saƙo ya bi matakan muƙami, amma ya yarda ma'aikata biyu masu daraja ɗaya su yi magana kai tsaye in shugabanninsu sun sani. Chester Barnard na Amurka a 1938 ya sa tsare hanyar sadarwa a matsayin aikin shugaba na farko, ya ce ma mutum ba ya bin umarnin da bai fahimta ba. Henry Mintzberg kuma da ya bi shugabannin ma'aikatu 5 yana kallon aikinsu, sakamakon da ya wallafa a 1973 ya nuna mafi yawan lokacinsu a magana da baki yake tafiya, ba a rubutu ba. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, shi da ya ce zuwa da kai ya fi aike.

Yau

Hanyoyin yanzu su ne miting, takardar sanarwa a allo, da guruf na WhatsApp. Saƙo na sauka cikin daƙiƙa, amma ƙaramin ma'aikaci har yanzu sai ya bi ta kan sakatare ko wani na hannun daman oga, ya ce "ranka ya daɗe ba wata matsala" alhali wata uku ba a gyara janareta ba. Inda aka yi shiru kan albashi ko canjin wurin aiki, jita-jita ke cike gurbin.

Saɓani

Wasu na ganin girmama na gaba, irin durƙuso da sunkuyar da kai, shi ke hana faɗa wa shugaba gaskiya. Wasu kuma na cewa al'adar tana da nata hanyoyin, kamar tura dattijo ko malami ya je ya faɗa a keɓe. Ba a daidaita ba.