Jinyar ciwo mai daɗewa ta bidiyo ga tsofaffin sojojin Amurka

Wannan wata hanya ce da asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, wato VA, ke bi da masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, irin ciwon baya ko gwiwa ko jijiya da ya wuce wata 3. Ana haɗa mutum kaɗan a kiran bidiyo, kowa na zaune a ɗakinsa, masanin halayyar ɗan Adam na jan zaman. Da yawansu 'yan mazan jiya ne na yaƙin Biyetnam, yanzu galibinsu sun haura shekara 70.

Tarihi

Tushen abin daga soja ya fito. John Bonica, likita ne da ya biya kuɗin karatunsa da kokawa, shi aka ɗora wa kula da ciwon sojojin da suka dawo da raunuka a asibitin Madigan lokacin yaƙin duniya na biyu, a nan ya ga cewa likita ɗaya ba zai iya da irin wannan ciwon ba sai an haɗa hannu, daga baya ya buɗe sashen ciwo a Jami'ar Washington. A wannan jami'ar dai wani masanin halayyar ɗan Adam, Wilbert Fordyce, ya nuna yadda ɗabi'a da yawan kwanciya ke ƙara wa ciwo ƙarfi. Shi kuma zaman rukuni ta allo ya girmi intanet nesa ba kusa ba, tun wajen 1959 wata cibiyar masu taɓin hankali a Nebraska ke gwada shi da talabijin.

Sai batun ƙwaya. An daɗe ana rubuta wa tsofaffin sojoji magungunan kashe zafi dangin mofin, wasu suka kamu, wasu suka mutu, har a 2013 VA ta fara shirin rage su. A 2018 aka ba likitocinta damar duba mara lafiya ta bidiyo ko a wace jiha yake, korona kuma da ta zo a 2020 ta ƙarasa tura kowa kan allo.

Yadda zaman yake

Galibi sau ɗaya a mako, na 'yan makonni. Ba a yi wa kowa alkawarin ciwon zai tafi. Ana koyar da numfashi a hankali, gyaran barci, da raba aiki: maimakon dattijo ya yanke ciyawar gidansa gaba ɗaya ranar da ya ji dama-dama sannan ya kwana uku a gado, sai ya yi minti goma ya huta. Wanda ya ƙi buɗe baki gaban likita sau da yawa yakan sake idan ya ji wani soja irinsa na faɗin nasa.

Matsaloli

Nauyin kunne, raunin sabis a ƙauye, da rashin sabo da na'ura. VA kan ba wasu aron na'urar tabilet.

Ana kuma saɓani kan hanyar jinyar, ko gyara yadda mutum ke tunani kan ciwon ya fi, ko kuwa tono tsohon baƙin ciki a amayar da shi.