Tsohon Soja, A Wane Asibiti Sunanka Yake?

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san da wuya ka ratsa unguwa ba ka wuce ƙofar gidan tsohon soja ba. Nan ne mahaifar Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma Muhammadu Sani Sami sai da ya kai Manjo Janar kafin ya hau gadon sarautar Zuru. Amma ba da manya nake ba yau. Da kofur da saje nake, waɗanda suka tuɓe kaki suka dawo Dabai da Ribah da Mahuta da Dirin Daji, suna haɗa ɗan fansho da noman dawa. Mu ma'aikatan lafiya muna ganinsu a layin kati suna kwance bakin aljihu, suna biyan kuɗin abin da gwamnati ta riga ta biya musu. Idan ka ce, "Baba, a wane asibiti aka yi maka rajistar inshora?" sai ya yi jim, ya ce shi dai ya san an taɓa ɗaukar hotonsa a bariki.

Bari in warware yadda tsarin yake, domin rashin saninsa ne ke cinye kuɗin mutane. Sojojin Nijeriya, na ƙasa da na ruwa da na sama, masu aiki da masu ritaya, suna da kamfani guda da ke kula da inshorar lafiyarsu, wato DHML, mai hedikwata a Abuja. Yana aiki ne a ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta sauya mata suna daga NHIS zuwa NHIA. Kowane mai rajista yana da asibiti ɗaya da aka rubuta sunansa a ciki, shi ne asibitinsa na matakin farko. Wannan asibitin ana tura masa kuɗi ne bisa yawan kawunan da ke cikin jerinsa, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Da kuɗin ne ake so a duba ka, a yi maka ƙananan gwaje-gwaje irin na zazzaɓin cizon sauro, a ba ka magungunan da ke cikin jerin hukuma.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Mutum ya yi aikinsa na ƙarshe a Legas ko Maiduguri ko Enugu, sunansa yana asibitin barikin can. Ya yi ritaya ya kwaso iyali ya dawo Kebbi, sunan bai biyo shi ba. Kuɗin kansa na ci gaba da sauka a asibitin da ba zai sake taka ƙofarsa ba, shi kuma yana nan yana sayar da buhun masara don ya sayi maganin hawan jini a kemis. Tamkar wanda ya biya kuɗin mota a tashar Birnin Kebbi ne, sannan ya je Yawuri yana jiran ta ɗauke shi. Ma'aikacin da ya duba jerin sunaye ya ce bai gan ka ba, ba ƙeta ya yi maka ba, ba ka ciki ne. Gyaran abin kuwa ba tsada gare shi ba: a nemi takardar sauya asibiti ta hannun DHML, a zaɓi wanda yake kusa da gida cikin waɗanda hukuma ta amince da su, ko na bariki ne ko na farar hula. Sauyin ba ya fitowa a rana ɗaya, sai sabon jerin sunaye ya iso asibitin, shi ya sa ake yin sa tun ana da lafiya. Wanda bai sabunta rajistarsa ba bayan ritaya, da wannan zai fara.

Na biyu, maganar turawa gaba. Ƙaramin asibitin bariki, irin wanda ake samu a sansanonin soja kamar na Zuru da barikin Dukku a Birnin Kebbi, yana da iyakar abin da zai iya. Babbar tiyata da ganin ƙwararren likitan zuciya ko na ido ko na ƙashi, aikin mataki na gaba ne: babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin soja na 44 a Kaduna. Amma ba a tsallake a tafi kai tsaye. Asibitinka na farko ne zai rubuta takardar turawa, a nemo lambar izini daga kamfanin inshora, domin da wannan lambar ce babban asibitin zai karɓi kuɗin aikinsa daga baya. Wanda ya yanki mota daga Wasagu zuwa Sakkwato hannu rabbana, ba takarda ba lamba, zaɓi biyu gare shi: ya biya da kansa, ko ya juyo. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin inshora su riƙa ba da wannan lamba cikin awa ɗaya da nema, saboda haka idan an ce maka "ana jiran lamba" har rana ta faɗi, kana da bakin tambayar jami'in teburin inshora ko an ma tura buƙatar. Larurar gaggawa daban take. Haɗarin mota, zubar jini, naƙuda mai gardama, wanda ya yanke jiki ya faɗi, a kai shi asibiti mafi kusa tukuna, takarda ta biyo baya.

Akwai wata magana da ke tayar da ƙura a gidaje, gara a faɗe ta a fili. Ƙa'idar inshorar ƙasa ta ɗauki mai rajista da matar aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ko uku, da mai riƙon jikoki, ya san ba kowa katin ya rufe ba. Kada a ba amarya katin uwargida, kada a kawo ɗan ƙane da sunan ɗan gida. Ban da cewa laifi ne, akwai hatsari: fayil ɗin asibiti yana ɗauke da rukunin jinin mai shi da magungunan da jikinsa ba ya so, ranar da aka yi aiki da bayanin wata a jikin wata, ba wanda zai ji daɗi. Sauran iyali a yi musu rajista a hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, wato KECHEMA.

Cututtukan da suka fi kawo mana tsofaffin sojoji ba raunin harsashi ba ne. Hawan jini ne da ciwon suga da ciwon gwiwa da matsalar fitsari. Soja ya saba da daurewa, an horar da shi a kan kada ya ce wayyo, sai ya kawo wannan halin cikin tsufa, ba ya zuwa sai ɓarin jiki ya shanye. Hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama. Awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban yana buƙatar ganin likita, kuma maganinsa ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Akwai kuma kunnen da ƙarar bindiga ta daɗe tana duka, har iyali su ɗauka Baba ya fara share mutane ne, alhali ba ya ji. Sai wanda aka fi ɓoyewa: rashin barci, firgita cikin dare, zabura idan ƙofa ta bugu, saurin hasala, wani ya fake da giya ko tiramadol. Wanda ya ga Laberiya ko Saliyo ko dajin Sambisa ya ga abin da ba kowace zuciya ke saukewa ba. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba, yana da magani, kuma akwai ƙwararru a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Uwargida ce ke fara ganewa, ita ya kamata ta rako shi ta yi wa likita bayani, don shi da kansa cewa zai yi lafiya lau.

Mu ma masu farar riga da namu. A ganina, abin da ya fi ɓata sunan asibitocin da ke karɓar masu inshora, na soja da na farar hula, shi ne kalmar "babu, je ka saya." Wani lokaci kuɗin ne bai iso a kan kari ba, wannan ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Wani lokacin kuwa ba wanda ya ƙidaya abin da ya rage a ɗakin magani sai da kwalin ƙarshe ya ƙare, alhali masu hawan jini da suga sanannu ne, an san yawansu, an san abin da kowa ke sha a wata. A ware musu rana guda a mako, a rubuta wa kowa ranar dawowa a katinsa, layi zai ragu da kansa. Likitan soja kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki kowane lokaci, saboda haka abin da bai shiga fayil ba ya tafi tare da shi.

Shugabannin ƙungiyar 'yan mazan jiya na ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu suna da jerin mutanensu a hannu. Kafin taron tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu mai zuwa, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya su tambayi kowa asibitin da yake, su tattara masu buƙatar sauyi a kai takardunsu tare, har da matan da mazajensu suka rasu, a bincika musu matsayinsu a DHML. Kowa ya zo da katin shaidar ritaya da takardar sallama da lambarsa ta NIN da takardun haihuwar yara, ya kuma haɗo da kwalayen magungunan da yake sha a leda ɗaya.