Robar ruwan ƙwaƙwalwa da kare ta daga ƙwayoyin cuta

Robar ruwan ƙwaƙwalwa siririn bututu ne da likitan tiyata ke zurawa ta ɗan rami a ƙoƙon kai har cikin guraben ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, ruwan ya riƙa ɗiga cikin jaka a gefen gado. Ƙwaƙwalwar baligi na samar da kusan mililita 500 na wannan ruwa kullum, alhali abin da ke kewayawa a lokaci guda kimanin 150 ne. In zubar jini, ƙari ko bugun kai ya toshe hanyarsa, sai ya taru ya matse ƙwaƙwalwa. Majinyatan Kebbi da Zamfara masu buƙatar wannan aiki akan tura da dama daga cikinsu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Hatsarin robar shi ne ƙofar da take buɗe wa ƙwayoyin cuta. Galibinsu na fata ne, musamman Staphylococcus epidermidis, mai maƙalewa jikin roba. Suna haddasa sanƙarau na asibiti, wanda ya bambanta da na lokacin zafi da ya addabi Zamfara a 2017. Rigakafin wancan ba ya hana wannan.

Kariya na farawa tun wajen sakawa: a wanke fata da maganin kashe ƙwayoyi, a ba majinyaci maganin antibiotik don kariya kafin yanka, a bi da robar ta ƙarƙashin fatar kai ta fito nesa da ramin. Akwai robobin da aka jiƙa da magungunan rifampicin da clindamycin.

Amma babban aikin yana bakin gado. Duk buɗe mahaɗar roba dama ce ga cuta, shi ya sa ba a ɗibar ruwan gwaji sai da dalili, ba a kuma sauya roba don kwanaki sun yi kawai. In buƙata ta ƙare, a cire ta. Mai jinya, wanda shi ke kwana kusa, kada ya taɓa jakar ko ya ɗaga kan gado, domin da kunnen majinyaci ake saita tsayinta. Ya ga bandeji ko matashi ya jiƙe, kada ya ce ai gumi ne. Yoyon ruwa na cikin manyan hanyoyin kamuwa. Zazzaɓi, sandarewar wuya, yawan barci, ko ruwan da ke garau ya koma gurɓatacce, nan take ake kiran nas.