Masunta, a daina shafa wa kwalekwale baƙin mai

Duk lokacin da aiki ya kai ni bakin Kogin Kaduna ko madatsar ruwan Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, abin da nake fara roƙo shi ne a kifa mini kwalekwale in ga bayansa. Sau da yawa abin da nake tararwa guda ne: gansakuka ta yi kore shar, laka ta daskare, ƙananan katantanwa sun manne, wani lokacin har da saiwar kainuwa a maƙale a tsagar katako. Mai jirgi yana ta kukan jirginsa ya yi nauyi, filafili na cin ƙarfinsa, mai inji kuma yana cewa fetur ba ya auki. Dalilin yana nan a ƙasan jirgin. Bayan jirgi in ya rasa santsi, ruwa riƙe shi yake yi.

Wannan damuwa ta daɗe a duniya. Masu jiragen teku sun fi mu shan wuyarta, domin ruwan gishiri yana da wata tsutsa mai huda katako da wasu halittu masu ɓawo da ke mannewa kamar siminti. A 1761 sojojin ruwan Ingila suka gwada lulluɓe ƙasan wani jirginsu da fallayen tagulla saboda wannan. Daga baya aka ƙirƙiro fenti mai guba, har da wani mai sinadarin TBT, wanda ya yi ta hallaka halittun ruwa sai da yarjejeniyar duniya ta haramta shi, ta fara aiki a 2008. Na kawo wannan ne saboda na ga ana sayar wa mutanenmu ragowar fentin jiragen teku da sunan ingantacce. Ruwanmu ba na gishiri ba ne, waccan tsutsar ba ta rayuwa a nan. Ka saya da tsada, ka zuba guba inda kake kamun abin da iyalinka za su ci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne baƙin mai. Ana zuwa wurin bakanike a ɗebo man da aka juye daga inji, a shafe jirgi da shi, a ce yana hana ruɓa. Wallahi 'yan'uwa ku daina. Wannan mai cike yake da dattin ƙarfe da sinadarai masu cutarwa, kuma ba ya zama a jikin katako, a hankali yake wankewa cikin ruwan da mata ke wanki, yara ke wanka, shanu ke sha. Haka ma masu haɗa shi da maganin ƙwari na gona. 'Ya'yan kifi su ke fara mutuwa, kuma su ne kamun baɗi.

To me za a yi? Aikin hannu ne, ba ya son kuɗi da yawa. A jawo jirgi tudu lokaci-lokaci, musamman da rani in ruwa ya ja baya, a ɗora shi kan duwatsu ko gungume don kada ya taɓa ƙasa gara ta samu hanya. A kankare gansakukar tun tana ɗanya da buroshi mai tauri ko guntun katako; wuƙa da adda suna yi wa jikin jirgi rauni. A bar shi ya sha iska a inuwa, kada a shanya shi a tsakar rana ko iskar hunturu kwana da kwanaki, katako zai tsage. In ya bushe a bi shi da ɗan ƙusa ana dannawa, an fi samun ruɓa daidai layin da ruwa ke tsayawa, inda katako ke jiƙa yana bushewa, da kuma ciki inda ruwan sama ke kwanciya. Duk inda ƙusa ya shige da sauƙi, a kira masassaƙi ya canza wurin, kada a rufe shi da kwalta a ce an gyara. Tsaga ƙarama kuwa a cusa mata auduga a bi da kwalta, a bari ta kame sosai kafin a mayar ruwa.

Ga wani abu da ake mantawa. Wasu daga cikin katantanwar nan su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Don haka a yi kankara a tudu, kada a tura yara su tsaya cikin ruwa suna wanke jirgi, kuma abin da aka kankaro a bar shi ya bushe nesa da gaɓa. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani. Wanda zai ɗauki jirgi daga wani ruwa zuwa wani, misali daga kogi zuwa dam, ya wanke shi ya busar tukuna, don kada ya kai musu ciyawa da katantanwar da ba su da ita.

Ina roƙon sarakunan ruwa su sa rana guda kafin faɗuwar damina, a fito da jiragen kowace mashaya a duba su tare, tun ruwa bai cika ya yi ƙarfi ba.