Labaran Farautar Kayan Tarihin Addini

Labaran farautar kayan tarihin addini reshe ne na ƙagaggun labarai masu hana mai karatu barci. Jarumin, wanda galibi malamin jami'a ne ko mai tonon kayan tarihi, yakan bi sawun wani abu mai tsarki da ya ɓace tun zamanin da, 'yan wata ƙungiyar asiri kuma suna biye da shi. Da wuya a rasa tsohon rubutu mai wuyar warwarewa, da taswira, da sirrin da aka ce manya sun binne.

Abin da aka fi farauta shi ne Akwatin Alkawari na Bani Isra'ila, wanda Alƙur'ani ya kira Tabut a Suratul Baƙara, aya ta 248. Cocin Otodoks na Habasha ya ce akwatin yana garin Aksum, kuma mai tsaronsa kaɗai ke ganinsa. Ƙofar da aka rufe haka kuwa, marubuci ya samu na cefane. A kan wannan akwati aka gina fim ɗin Raiders of the Lost Ark na 1981.

Rigimar irin waɗannan labarai ita ce cuɗa gaskiya da ƙage har a kasa rabewa. Littafin The Da Vinci Code na Dan Brown, wanda ya fito a 2003, ya kawo ƙungiyar Priory of Sion a matsayin tsohuwar ƙungiya ta haƙiƙa, alhali wani Bafaranshe, Pierre Plantard, ne ya kafa ta a 1956, aka kuma haɗa mata takardun bogi. Lebanon ta haramta littafin a 2004.

Mai karatu a Jos ba sai ya je Habasha ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan yumɓu, wanda kafin nan mutum-mutumi ne a gonar doya, ya gane cewa su biyun aikin al'umma ɗaya ne. Shi ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952. Daga baya masu tonon sata suka yi ta fitar da gumakan zuwa Turai, har nuna wasu a gidan tarihi na Louvre da ke Faris a 2000 ya tayar da ƙura. Masana kuma har yau suna muhawara kan ko don bauta aka ƙera su, ko don tunawa da magabata.